Marduk da Tiamat: yadda ƙaramin jika ya karɓe sarauta a labarin halittar mutanen Babila

Wane labari ne wannan?

Labari ne da mutanen Babila, can ƙasar Iraƙi ta yanzu, suka rubuta a kan alluna 7 na yumɓu, sunansa Enuma Elish. A kufan birnin Ninawa kusa da Mosul aka tono shi, wani masani ɗan Ingila, George Smith, ya buga fassararsa a 1876. Mu dai mun san Allah ɗaya ne ba shi da abokin tarayya, amfanin karanta shi shi ne a gane yadda waɗancan mutane suke kallon mulki.

Me ya haɗa faɗan?

Hayaniya ce kawai. A labarin tun farko ba komai sai ruwa biyu, Apsu ruwan daɗi da matarsa Tiamat ruwan teku, daga su sauran ababen bautar suka fito. Yaran suka hana Apsu barci da surutu har ya ƙudurta kashe su, sai ɗaya daga cikinsu mai suna Ea ya riga shi, ya sa shi barci da sihiri ya kashe shi, har ya gina gidansa a kan gawar. A gidan nan aka haifa wa Ea ɗansa Marduk. Tiamat kuwa da aka zuga ta sai ta ƙera dodanni 11, ta naɗa wani daga cikin zuriyarta mai suna Kingu shugaban yaƙi, ta ɗaura masa Allon Ƙaddara a ƙirji, wato duk wanda ke riƙe da allon nan maganarsa ita ce doka.

To ta yaya Marduk ya zama sarkinsu bayan akwai manya?

Nan ne ya fi jan hankalina wallahi. Manyan sun je sun ga Tiamat sun juyo, Ea ya kasa, mahaifinsa Anu ma ya kasa, sai Marduk ya ce zai je amma da sharaɗi, a tara majalisa a ba shi sarauta tun kafin ya fita, kuma abin da ya faɗa kar wanda ya sauya. Ciniki ne ƙarara, suna cikin tsoro ya faɗi farashi, suka ci suka sha suka amince. Da aka fita yaƙin, Marduk ya jefa wa Tiamat raga, ya tura iska cikin bakinta har cikinta ya kumbura, ya harba kibiya ya gama da ita. Gawar ya tsaga biyu, rabi sama rabi ƙasa, kogunan Dijla da Furat daga idanunta suka ɓulɓulo. Allon kuma ya ƙwace daga Kingu ya sa masa hatiminsa.

Ɗan Adam fa?

Da jinin Kingu aka yi shi, don ya ɗauke wa ababen bautar wahalar aiki. Abin yana taɓa ni, mutanen nan sun yarda an yi su ne daga jinin wanda aka kayar, kuma don bauta kaɗai.

Akwai siyasa a ciki kenan?

Sosai ma. Marduk gunkin birnin Babila ne, ɗaukaka shi ɗaukaka birnin ne. A ƙarshe an ba shi suna 50, kuma 50 lambar Enlil ce, babban abin bautar birnin Nippur, ka ga kujerarsa aka karɓe kenan. Da Assuriyawa suka kwafi labarin ma cire Marduk suka yi suka sa nasu Ashur.

Sarakunansu suna ɗaukar labarin da gaske?

A wancan zamanin, duk shekara a bikin Akitu, wato bikin sabuwar shekararsu, ana karanta shi gaban gunkin Marduk a rana ta 4 ta watan Nisan. Washegari babban limamin Esagila, haikalin Marduk, zai karɓe wa sarki sanda da kambu, ya mare shi, ya ja masa kunne, sarkin ya durƙusa ya rantse bai zalunci Babila ba, sannan a mayar masa da kayan sarautarsa. Sai a sake marinsa, in hawaye ya zubo su ce Marduk ya yarda da shi.