Tuna baya: yadda al'umma ke riƙon tarihinta na kusa, da misalin Maraɗi

Tuna baya, a ma'anar da masana zamantakewa ke nufi, shi ne yadda mutanen wuri guda ke ajiye labarin abin da ya same su a shekarun da ba su yi nisa ba, da yadda suke miƙa shi ga na baya, da irin fassarar da kowane zamani ke yi masa. Marubucin tarihi takarda da kwanan wata yake nema. Ita kuwa al'umma, abin da ya taɓa cikinta ko mutuncinta ko gonarta shi take riƙewa, saura ta bar shi ya bi ruwa. Bafaranshe Maurice Halbwachs, wanda ya yi rubutu a kan batun a 1925, ya nuna cewa mutum ba ya tuna abu shi kaɗai: iyali da addini da matsayinsa cikin jama'a su ke zaɓar masa abin tunawa. Hausawa na da karin magana biyu da ke jan juna a nan. An ce waiwaye adon tafiya, an kuma ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ganau, jiyau da jika

Labarin da ke yawo a baki yana da iyakar kwana. Masanin Jamus Jan Assmann ya ƙiyasta shi da shekara 80 zuwa 100, wato daga wanda ya gani da idonsa, zuwa ɗansa da ya ji daga bakinsa, zuwa jika ko tattaɓa-kunne. Bayan nan, in labarin bai samu mariƙi ba, kamar suna ko waƙa ko wuri ko takarda, sai ya ɓace. Jan Vansina, wanda ya daɗe yana nazarin tarihin baka a Afirka, ya lura cewa jama'a kan san asalinsu da kyau, su san abin da ya faru jiya, amma tsakanin biyun akwai rami.

A Maraɗi ana iya ganin bakin ramin nan yanzu. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka tashi aka hau tudu, inda Turawan Faransa suka shata tituna miƙaƙƙu. A 1946 aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka. Duk wanda ya ga waɗannan abubuwa biyu da wayonsa, yau ya haura shekara 85. A ɗaya gefen kuma, kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ganau na ƙarewa, jiyau ne suka cika gari.

Akwai wata hanya da zance ke bi a gidan Bahaushe wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, balle ɗan fari da ko sunansa ba a faɗa. Uba ba zai zaunar da ɗansa ya ba shi labarin ranar da ya kasa ciyar da gida ba. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne, shi ya sa labari kan tsallake zuriya guda. Tsohuwa na zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ga jikanyarta ta ture kwanon tuwo, sai ta ce: "Ke kishiya, ɗauki abincinki. Ba ki ga El-Buhari ba shi ya sa." Yarinya ta tambaya mece ce El-Buhari, daga nan zance ya buɗe, ta ji abin da uwarta ba ta taɓa faɗa mata ba.

Shekaru masu suna

Kalandar talaka a ƙasar Hausa ba lamba ba ce, suna ce. Tsofaffi da yawa a Nijar takardarsu ta haihuwa cewa take an haife su "wajen" shekara kaza, domin da abin da ya faru aka ƙiyasta. Malamin ƙidaya ko na asibiti yakan tambayi mace ko ta riga ta yi aure lokacin da soja suka kifar da Jori, shugaban Nijar na farko, ko tana goyon wane ne a shekarar fara, da haka ya fitar da shekarunta.

Mafi yawan sunayen nan na yunwa ne. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ake ce mata, kuma sunan ya bazu har ƙetaren iyaka. A arewacin Najeriya an riƙe 'Yan Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba iyaka, ya karya noman gyaɗar da Maraɗi ta yi arziki da shi tun shekarun 1950, har manyan alhazan gari suka karkata ga fataucin kaya zuwa Najeriya. Sai yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanen yankin ke kira El-Buhari, wato 'yar Buhari a karin harshen nan.

Wannan suna shi kaɗai hukunci ne. Damina ce ta ƙi a 1984, amma ba a sa wa yunwar sunan fari ba. A watan Afrilun shekarar gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta kuma canza takardun naira, iyakar ba ta buɗe ba sai 1986. Ga mutumin Maraɗi, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano ita ce mafita duk lokacin da rumbu ya ƙare: can ake sayo hatsi, can samari ke tafiya cin rani. Da aka toshe ta, sai jama'a suka ɗora laifin a kan wanda ya toshe. Fari daga Allah yake, ana haƙuri da shi, amma rufe ƙofa aikin mutum ne. Da aka sake rufe iyakar a watan Agustan 2019, kuma a ƙarƙashin mutumin dai, tsofaffi ba su buƙaci wani bayani ba. Matashin da ya tashi yana jin sunan Buhari tare da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, shi da kakarsa suna guda suke faɗa, abin da ke ransu daban.

Maza da mata ma ba abu ɗaya suke riƙewa ba. Namiji zai ba ka labarin tafiya, da kuɗin tiyar gero, da ranar da ya sayar da sa a kuɗin akuya. Mace za ta faɗi abin da aka sa a tukunya: anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, da jiga, da tafasa, da dusa, da tonon gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ta tara. Ita ce kuma ta san yaran da ba su kai kaka ba. Wannan ɓangare shi ya fi saurin ɓacewa, domin maroƙi ba ya wasa kowa da shi, littafin lakwal ma bai san da shi ba, kuma asara ce babba ga duk mai son sanin yadda mutane suka rayu.

A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, yankin Maraɗi ya zama cibiyar matsalar tamowa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi dubban yara. Shugaba Tanja Mamadu ya ce babu yunwa a ƙasar, ƙarancin abinci ne irin wanda aka saba. Har yau ba a daidaita kan sunan shekarar ba tsakanin bakin hukuma da bakin uwayen da suka yi layi da goyo.

Wani tuna bayan kuma a gona yake zaune. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman yankin suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture maimakon share shi ƙal, suna rage rassa suna renon gawo da kalgo da aduwa a cikin gero. Sassabin zamani ake ce wa dabarar, kuma masu bincike sun ƙiyasta ta mamaye kadada kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Yaron da ke noma a inuwar gawon nan, gadon El-Buhari yake ci ko da bai taɓa jin sunan ba.

Zamanin wane

Siyasa da sunan mai mulki ake auna ta: zamanin Jori, zamanin Kunce, zamanin Tanja. Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974 ya riƙe har rasuwarsa a 1987, shi ne misali mafi bayyana na yadda yau ke gyara jiya. Duk lokacin da aka gaji da cin hanci, sai hirar majalisa ta koma kan tsare gaskiyarsa, da rabon hatsi, da ayyukan samariya. Waɗanda aka ɗaure a lokacinsa ba tare da shari'a ba, da iyalansu, wani Kunce suka sani. Dukansu ba ƙarya suke yi ba.

Akwai kuma abin da aka rufe da gangan. Jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, mai alamar raƙumi, ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, tana son 'yanci nan take. Ta faɗi, aka haramta ta a 1959. A 1964 mayaƙanta suka shigo da makamai, gwamnatin Jori ta jam'iyyar RDA ta murƙushe su, aka kashe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso. Sawaba na da ƙarfi a Maraɗi da Tasawa da Damagaram, a cikin direbobi da 'yan tireda da masu sana'ar hannu. Shekaru kusan 30 gidaje da yawa ba a ambaton sunan, har akwai jikokin da suka girma ba su san kakansu ya yi zaman kaso ba. Bakin ya fara buɗewa bayan taron ƙasa na 1991, kuma masanin tarihi ɗan ƙasar Holan Klaas van Walraven ya riski sauran tsofaffin jam'iyyar ya ɗauki bayaninsu kafin su ƙare. A watan Oktoban 2024 hukumomin soja suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin Yamai suka sa na Jibo Bakari. Mutumin da aka hana faɗar sunansa ya koma kan allon titi cikin rayuwar mutum guda.

Ba Nijar kaɗai ba ce. Faransa ba ta yarda a hukumance ta kira abin da ya faru a Aljeriya yaƙi ba sai 1999. Afirka ta Kudu ta zaɓi zaman sauraron shaidu a fili daga 1996, Ruwanda kuma na zaman makokin kisan 1994 kowace 7 ga Afrilu.

Abin da ya tsallake ramin

Labarin da ya wuce shekara ɗari yakan rage nama ya bar ƙashi. Bayan da mayaƙan jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo suka ci Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ce, kuma Ƙaura da Durɓi da Galadima da 'Yandaka na nan a fadar Maraɗi kamar yadda suke a ta Katsina. Sunan unguwanni irin su 'Yandaka da Bagalam da Limanci ya hau tudu tare da mutanensa bayan ambaliyar 1945. Hare-haren Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi na tsakiyar ƙarni na 19, jarumtaka ce a bakin makaɗan Maraɗi, a garuruwan da aka kai wa harin kuwa wani labari ne. Wata tsohuwar gaba kuma wasa ta koma, irin na Bagobiri da Bazabarme. A 2014 UNESCO ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin jerin al'adun duniya.

Masu riƙon zance

Maroƙa da makaɗan fada su ne tsofaffin mariƙa, sai dai wanda ya yi kyauta suke tunawa. Fili da gini ma na riƙe suna: filin kokowar Maraɗi na ɗauke da na Kantu, wanda ya ci takobin farko na ƙasa a 1975, jami'ar garin kuma na Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, inda muryoyin tsofaffi ke ajiye a faifai. Gidajen rediyo masu zaman kansu da suka buɗe tun shekarun 1990 sun ba dattawa damar yin hira da Hausa, abin da lakwal mai koyarwa da Faransanci ba ta yi ba.

Wayar hannu ta zo da sauƙi da haɗari tare. Jika na iya naɗar muryar kakarsa ya tura wa dangi a WhatsApp cikin minti guda, haka nan tsohon hoton da ba a san asalinsa ba na iya zagaye gari da ƙaryar shekara da wuri. Yarinyar da ke da shekara goma lokacin El-Buhari yanzu ta haura hamsin, jikokinta na gabanta, kuma ita ce ganau ta kusa da ƙarshe da za a iya tambaya kwana nawa ake jiƙa anza.