Falsafa a ajin addini: tambayoyin da iyaye da sababbin malamai ke yi mini

Na daɗe ina koyar da darasin addinin Musulunci a wata babbar sakandare a cikin garin Gombe. Tun ranar da bakina ya suɓuce na ambaci kalmar falsafa a taron iyaye da malamai, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu a bakin masallaci ake tare ni da su, wasu ta WhatsApp, wasu kuma daga ɗaliban kwalejin ilimi da ake turo mana koyon aiki. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Malam, wai mece ce falsafar addini? Ba ita ce ke sa yaro ya bar salla ba?

Sunan ne ke da ban tsoro, don kunnenmu ya saba jin sa kusa da zindiƙanci. Kalmar daga Girkanci take, ta ratso ta Larabci ta iso mana. Aikinta a fagen addini shi ne a ɗauki maganar da mai imani ke faɗa a tambaya: me take nufi, mece ce hujjarta, kuma shin ta yi karo da wata maganar da shi ɗin dai ya yarda da ita? Ta yaya muka san akwai Mahalicci? In Allah Mai rahama ne, me ya sa jariri ke shan wahalar ciwo? Ina hankali ya tsaya, ina wahayi ya karɓa?

Duk wanda ya durƙusa a zaure ya karanta tauhidi ya riga ya taɓa ta, ko da bai san sunanta ba. Littafin aƙida na Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, wanda ake kira Ummul Barahina, bayan yabo da salati da hukuncin hankali ya fara. Ya kasa shi uku: wajibi, abin da hankali ba ya ɗaukar rashinsa, mustahili, abin da hankali ba ya ɗaukar samuwarsa, da ja'izi, wanda zai iya kasancewa, zai iya ƙin kasancewa. Nakan ce wa ɗalibai, rabin lemo ya fi lemon gaba ɗaya girma, wannan mustahili ne. A yi ruwa gobe a Dukku, ja'izi ne. Littafin ya shiga ƙasashenmu har Fulani suka yi masa sharhi da Fulatanci suna ce masa Kabbe.

Batun barin salla kuwa, ni dai ban taɓa ganin yaron da ya bari don an amsa masa tambaya ba. Wanda aka daka wa tsawa aka ce ya rufe wa mutane baki, shi ne nake gani ya koma ya tambayi waya, ita kuwa waya ba ta zaɓen wanda zai amsa.

Akwai ta a manhaja?

Babu darasi mai wannan suna a sakandarenmu. Hukumar NERDC ke tsara manhaja, abin da ta tanada shi ne IRS ga Musulmi, CRS ga Kirista. Jarrabawar WAEC da NECO a ɓangarenmu tana tambaya ne a kan Alƙur'ani, Hadisi, Tauhidi da Fiƙihu, da Tarihi. A ɓangaren Kirista kuma, Tsohon Alkawari, Linjila da Ayyukan Manzanni, da wasu daga cikin Wasiƙu. A Ingila ɗan sakandare na iya zana takarda guda sukutum a kan falsafar addini. Mu sai an je jami'a. Sai dai ba ta jiran a buɗe mata ƙofa. Ranar da ka rubuta "ƙaddara" a allo, ko abokin aikina ya karanta wa ajinsa labarin Ayuba, ta riga ta zauna a benci.

Ba mu misali. Yaya abin yake a cikin aji?

Wata Talata bayan an dawo daga tara, ina bayanin shika-shikan imani ga 'yan aji biyu. Na zo kan na shida ke nan sai wata yarinya daga can baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, in Allah Ya riga Ya rubuta zan faɗi WAEC, karatun me zan yi? In kuma Ya rubuta zan ci, ai barcina zan sha."

Aji ya kaure. Wasu dariya, wani yaro a gaba yana ta a'uzubillahi. Na ce su yi shiru, na tambaye ta ko ta karya da safe. Ta ce ta sha kunu da ƙosai. Na ce to me ya hana ki zauna ki jira ƙoshin da aka rubuta miki? Kuma yaushe kika leƙa Lauhul Mahfuz kika ga sakamakonki? Daga nan na ba su labarin Sayyidina Umar, lokacin da ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa. Abu Ubaida ya ce, gudu daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kora su, da ƙaddara ya kora. Yaran da suka taso suna ganin kiwo ba sa buƙatar a maimaita musu wannan.

Na zaci an gama. Na ƙara da cewa ni ma nakan san ɗalibin da zai faɗi tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa, amma sanina bai kayar da shi ba. Sai ta ce, "Amma Malam, kai sani kawai ka yi. Shi Allah ai Shi Ya halicce ni da ƙyuyata."

A nan ne darasin ya fara, don ta taka daidai inda malamai suka yi ƙarnoni suna gwabzawa. Na rubuta matsayi uku a allo. Jabariyya sun ce bawa tilasta shi ake yi, ba shi da zaɓi. Mu'utazila sun ce bawa shi ke samar da aikinsa, in ba haka ba hisabi ya zama zalunci. Imam Ash'ari ya bi tsakiya: Allah ke halittar aiki, bawa ke tsiwirwirarsa da niyyarsa da zaɓinsa, a kan wannan ake kama shi. Na sa kowane layi na aji ya faɗi abin da matsayi ɗaya ke ƙoƙarin karewa, da inda yake tuntuɓe. Na faɗa musu matsayin Ahlus Sunna a fili, na kuma faɗa musu cewa wani sashe na al'amarin sirri ne da ba a ba mu ba. Ƙararrawa ta same mu a haka.

Da na ba abokin aikina mai koyar da CRS labari a ɗakin malamai, dariya ya yi. Ya ce nasa ɗaliban da Yahuza Iskariyoti suke zuwa masa: in dole ne a bashe Almasihu, laifin me Yahuza ya yi? Su ma suna da tsohuwar muhawara a kan alheri da zaɓin ɗan Adam tsakanin Agustin, ɗan ƙasar da ake kira Aljeriya a yau wanda aka haifa a 354, da Pelagiyus.

Malamanmu na da sun yarda da irin wannan?

Ba duka ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye haka. Magabata da yawa sun ƙi ilmul kalam, wato ilimin kare aƙida da hujjojin hankali. Da aka tambayi Imam Malik yadda Allah Ya daidaita a kan Al'arshi, cewa ya yi daidaituwar sananniya ce, yadda take ba a sani ba, imani da ita wajibi ne, tambaya a kanta bidi'a ce. Uban da ya ce mini shi a nan ya tsaya, yana da madogara, ba na raina shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa irin su Ibn Sina raddi mai zafi, amma da makaminsu ya yi, bai kuma yar da manɗiƙi ba, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Ibn Rushd na Andalus ya zo daga baya ya mayar masa da martani.

A ƙasar Hausa ma an yi. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare manɗiƙi a musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin haramcinsa. Marubucin Ahalari da yaranmu ke biyawa a Islamiyya, shi ne kuma mai Sullam, waƙar koyon manɗiƙi. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, ya yi rubuce-rubuce a falsafa. Shi kuwa Shehu da kansa, ya yi faɗa da ɗaliban kalam na zamaninsa masu kafirta talaka don bai iya jero hujjojin hankali ba. Wannan gargaɗin nake yi wa ɗalibaina masu kaifin kai: ka koyi hujja, amma kada ka koma gida ka yi wa kakarka jarrabawa.

To in yaro ya ce, wa ya halicci Allah?

Suna tambaya, kusan kowace shekara. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa Shaiɗan kan kawo wannan wasuwasi, wanda ya same shi ya nemi tsari ya tsaya. Ina faɗa musu wannan da farko. Sannan ina nuna musu dalilin da ya sa tambayar kanta gurguwa ce. Nakan jera yara shida, in ce na gaba ya ari biro a wajen na bayansa. Shi ma ba shi da shi, sai ya ara a baya, haka har ƙarshen layi. In kowa aro zai yi, ko layin ya kai Kumo biro ba zai zo ba. In ka ga biro a hannun na gaba, to akwai mai shi wanda bai ara ba. Samuwar halittu aro ce. Wanda ake kira Allah Shi ne Mai samuwar da ba aro ba. Malaman tauhidi suna kiran wancan layi marar ƙarshe tasalsuli. Toma Akwinas, malamin Kirista da ya rasu a 1274, ya kawo hujja mai kama da wannan, ya kuma karanta Ibn Sina. 'Yan aji uku nakan gaya musu cewa akwai waɗanda suka soki hujjar, irin su David Hume, don gara su fara jin sukar daga bakina da su ci karo da ita su kaɗai cikin dare.

Makarantar ɗana akwai Musulmi da Kirista. Za a iya tilasta masa zama a darasin da ba na addininsa ba?

A'a. Sashe na 38(2) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwa ko shiga ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Za ku tuna hayaniyar 2017, bayan an cusa darussan addini da wasu darussa ƙarƙashin inuwa ɗaya a matakin ilimin bai ɗaya, jita-jita ta bazu cewa an cire CRS. Ƙarshenta gwamnati, zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, ta ba da umarnin a raba su kowanne ya tsaya da ƙafarsa.

Matsalar da na fi gani ba ta doka ba ce, ta malamai ce. Jiha irin Gombe, inda ɗan Nafada da ɗan Kaltungo ko Billiri ke zama a benci guda, akwai makarantun da ɓangare ɗaya ba shi da malami. In lokacin darasi ya yi, sai ka ga tsirarun sun fita sun zauna a gindin maina suna jiran ƙararrawa. Wannan ya kamata iyaye su riƙa tayarwa a taro, ko da ba 'ya'yansu abin ya shafa ba.

Ke nan bai kamata yaro ya san komai game da addinin maƙwabcinsa ba?

Koyar da mutum ya bi addini daban, sanar da shi abin da mabiyansa ke faɗa daban. Na farko haƙƙin iyaye ne. Na biyu kuwa, in ba a yi shi da gaskiya ba, kasuwa za ta yi shi da ƙarya. Na ji ɗalibina yana cewa Kirista alloli uku suke bautawa. Kiristan da ka tambaya zai ce maka Allah ɗaya yake bautawa, ko da yake mu ba mu yarda da Triniti ba. Abokin aikina shi ma ya ji nasa yana cewa Musulmi Ka'aba suke wa sujada. Ƙa'idar ajina ita ce, ba ka da izinin sukar magana sai ka faɗe ta yadda mai ita zai ce, e, haka nake nufi. Zagi kuwa, aya ta 108 a Suratul An'am ta riga ta rufe ƙofarsa.

Izala da Ɗariƙa fa?

Abin da manhaja ta kawo shi nake koyarwa. In saɓani ya taso, kamar ƙabalu da sadalu, nakan faɗi hujjar kowa in wuce. Aji ba mumbari ba ne, kuma albashina ba na ƙungiya ba ne.

Duk wannan ba zai cinye lokacin shirin jarrabawa ba?

Zai iya, in malami ya sake. Minti arba'in ne darasi, ga Hadisan Nawawi da za a haddace, ga rabon gado. Abin da nake yi, na ajiye tsohon kwalin alli a kan tebur. Mai tambayar da yake jin kunyar faɗa sai ya rubuta ya jefa, ba suna. Ranar Alhamis nakan ware minti goma na ƙarshe in zaro ɗaya ko biyu. Wadda ta fi ƙarfina nakan ce su ba ni mako guda, in kai ta wajen malamina na zaure. Ta wannan makon da jan biro aka rubuta ta, an naɗe takardar sau huɗu: "Malam, ƙanena ya rasu yana da wata bakwai, bai yi wa kowa laifi ba. Me ya sa?" Ita ba minti goma zan ba ta ba, kuma ba da allo zan fara ba.