Man ƙyallin taya

Man ƙyallin taya haɗi ne da ake shafawa ko a fesa a gefen tayar mota bayan an wanke ta, domin baƙin robar ya fito, tayar ta dawo da kyanta. Shi ne aikin da ake rufewa da shi wajen gyaran kwalliyar mota, bayan an gama da bodi da fenti da rim. Ana sayar da shi da ruwa-ruwa a kwalbar feshi, ko da kauri a matsayin jel, ko a gwangwanin da ke fesa kumfa. Babban amfaninsa ado ne. Kariyar da yake ba roba daga rana da iska ƙarama ce idan aka kwatanta da wadda masana'anta ta riga ta zuba a jikin tayar, kuma kyan aikin ya fi dogara ga wankin da aka yi kafin shafawa fiye da sunan da ke jikin kwalbar.

Abin da ke sa taya ta koɗe

Roba ba baƙa ba ce a asalinta. Tayoyin motocin farko farare ne ko masu ruwan toka, sai a farkon ƙarni na 20 masana'antu suka fara cuɗa garin baƙin kabon a cikin robar, bayan an gano yana ninka ƙarkonta. A tayar mota ta yau wannan gari yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta. Baya ga ƙarfin da yake ƙarawa, yana shanye hasken rana mai lalata roba, shi ya sa baƙar taya ke jure rana fiye da yadda fara za ta jure.

Babban abokin gabar roba shi ne iskar ozon, wadda ke akwai 'yar kaɗan a iskar da muke shaƙa, kuma takan yi yawa a manyan birane da kusa da injinan lantarki masu tartsatsi. Ozon na tsinka zaren da ya haɗa ƙwayoyin robar, musamman inda robar take a miƙe, sai gefen taya ya fara yin ƙananan tsagogi. Don hana haka, masu ƙera taya suna zuba abu biyu a cikin haɗin: kaki, wanda ke tasowa ya rufe fuskar robar lokacin da mota ke tsaye, da kuma sinadarin da ake kira 6PPD. Shi 6PPD yana ratsowa daga cikin robar zuwa waje a hankali, musamman idan taya na juyawa tana lanƙwashewa tana ɗaukar zafi, ya tari ozon kafin ta taɓa robar. Idan ya gama aikinsa sai ya bar saura mai ruwan ƙasa a gefen tayar. Wannan jan da ake gani a taya, wanda mutane da yawa ke ɗauka datti ne ko alamar tsufa, shaida ce cewa kariyar na aiki. Haka kuma wannan ne dalilin da ya sa motar da aka ajiye wata da watanni ba a tuƙa ta takan riga wadda ke kan hanya kullum tsagewar taya: babu juyawar da za ta turo sabon sinadari waje.

Man ƙyalli ba ya hana wannan tasowa, kuma ba a so ya hana. Abin da yake yi shi ne cike ƙananan ramukan da ke fuskar robar, waɗanda ido ba ya gani, ta yadda haske zai dawo a dunƙule maimakon ya warwatsu. Kamar dutsen da ruwa ya jiƙa ne, launinsa yakan yi duhu ya ƙara fitowa alhali dutsen bai canja ba.

Ire-irensa

Kusan duk man ƙyallin da ke kasuwa man silikon ne ginshiƙinsa, wato wani mai ne mai santsi da ake haɗawa a masana'anta. Bambancin yana wajen abin da ke ɗauke da silikon ɗin har ya isa jikin taya.

Na farko shi ne wanda aka haɗa da ruwa. Silikon ba ya narkewa a ruwa, don haka ake farfasa shi ƙananan ɗigo a sa masa sinadarin da zai hana shi rabuwa da ruwan, abin da ke sa haɗin ya zama fari a cikin kwalba. Da zarar ruwan ya bushe, silikon ɗin ya zauna da siririn shafi. Irin wannan ba shi da wari mai ƙarfi, ba ya kama ƙura sosai, kuma ƙyallinsa matsakaici ne, irin na sabuwar taya. Wasu kamfanoni na sayar da shi da kauri don a sirka da ruwa: gwargwadon yawan ruwan, gwargwadon raguwar sheƙi. Rauninsa shi ne bai jure ruwan sama da wanki ba, yakan tafi cikin 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu. Armor All, wanda ya bazu a kasuwar Amurka a shekarun 1970, yana cikin waɗanda suka fara sanar da jama'a irin wannan haɗi.

Na biyu shi ne wanda aka narkar da silikon ɗinsa a sinadarin da aka tato daga man fetur. Garai-garai yake a kwalba, yana da maiƙo da wari, kuma shi ke ba da sheƙin nan da ke sa taya ta zama kamar a jiƙe take. Ya fi na ruwa daɗewa, ruwan sama ba ya saurin wanke shi. Amma maiƙon da ke ba shi ƙarko shi ne kuma ke tara ƙura, kuma yana iya kama wuta kafin ya bushe. An daɗe ana muhawara kan ko yana cutar da roba. Abin da babu gardama a kansa shi ne robar taya ba ta shiri da dangin man fetur, kuma manyan kamfanonin taya kan shawarci masu mota su guji abin shafawa mai ɗauke da su, su tsaya ga ruwa da sabulu. A wasu wurare, kamar jihar Kalifoniya ta Amurka, doka ta ƙayyade yawan sinadaran da ke tashi cikin iska a irin waɗannan kayayyaki, abin da ya tura masana'antu da dama zuwa haɗin ruwa.

Akwai na uku da ya fito daga baya, wanda ba mai ba ne, rufi ne da ke bushewa ƙam a kan robar ya yi watanni. Ba ya fallatsa, ba ya kama ƙura, sai dai yana da sharaɗi mai tsauri: idan da ragowar tsohon mai a jikin tayar, ba zai kama ba, zai riƙa ɓarewa dabbare-dabbare.

Yadda ake zaɓa

Tambayar farko ita ce irin kamannin da ake so. Masu sana'ar da yawa sun fi son baƙi mai zurfi marar sheƙi sosai, domin shi ne ainihin kamannin sabuwar taya, kuma ba ya ɗauke ido daga fenti da rim. Mai son walƙiya sai ya nemi jel mai sheƙi ko ya ninka shafi. Sai kuma hanyar da motar ke bi. Motar da ke yawo cikin ƙura ba ta buƙatar mai maiƙo ko kaɗan, domin kafin a yi nisa tayar za ta koma ja fiye da yadda take kafin a shafa. Na ruwa ya fi dacewa da ita. Inda ruwan sama ke yawan sauka, jel mai kauri ya fi jurewa. Gwangwanin kumfa da ake fesawa a tafi ya fi kowanne sauƙi, amma shi ne mafi ƙarancin iko: iska na kai shi kan rim da fenti, kuma yakan bar zane-zane inda ya gangara.

Wurin da ake fentin mota yana da nasa hukunci daban. Ɗigon silikon ko da bai kai a gan shi ba, idan ya sauka a kan bodin da za a fesa wa fenti, yakan sa fentin ya janye ya bar ƙananan ramuka zagayayyu. Saboda haka masu fenti ba sa barin kayan silikon su shigo musu, kuma akwai man ƙyallin da aka yi musamman babu silikon a ciki domin irin waɗannan wurare.

Wankin taya

Nan ne aikin yake. Man da aka ɗora a kan datti da tsohon mai ba ya taɓa roba balle ya kama ta. A kan dattin yake zaune, kuma tare za su tafi. Yawancin ƙorafin da ake yi, cewa mai bai daɗe ba, ko ya fallatsa a jikin mota, ko taya ta ƙara yin ja bayan kwana biyu, daga nan suke tasowa.

Ana wanke taya tana da sanyi, a inuwa. A jiƙa ta, a fesa sabulun wankin taya ko sinadarin cire maiƙo da aka sirka, a bar shi kamar minti ɗaya, sannan a dirje da buroshi mai tauri wanda aka keɓe wa taya kawai. Kumfar farko za ta fito da ruwan ƙasa, wani lokaci har baƙi-baƙi, tana gangarowa. A ɗauraye, a sake. Alamar an gama ita ce kumfar ta fito fara. Tayar da ta daɗe tana shan mai ba tare da dirza ba takan buƙaci zagaye uku ko fiye. Idan ta bushe za a ga ta yi baƙi-toka, babu sheƙi, kuma in aka goga farin tsumma ba zai ɗauko komai ba. Wannan rashin kyan shi ake nema, domin roba ce tsantsa. Sabuwar taya ma tana son wannan wanki, saboda takan zo da ragowar abin da aka shafa don ta fita daga mazubin da aka gasa ta.

A kula kada sabulun mai ƙarfi ya bushe a kan rim, musamman na alminiyom da ba a yi wa rufi ba, domin yana barin tabo. Bayan ɗauraya sai a bar tayar ta bushe sarai. Ruwa na maƙalewa a tsakanin haruffan da ke gefen taya da kuma bakin da ta haɗu da rim, kuma shi ne ke gangarowa daga baya ya ɓata shafin.

Shafawa

A zuba kaɗan a kan soso, ba a kan tayar ba, a matsa soson don man ya ratsa shi, sannan a bi gefen tayar a zagaye, ana cusa shi cikin haruffa da ƙananan layuka. Tayar motocin daji mai tudu da kwari a gefe ta fi son buroshi mai laushi, domin soso ba ya kai wa cikin lungunanta. Ɓangaren da ke ƙasa, wanda ya kusa taɓa daɓe, ana samunsa ne ta hanyar matsar da motar gaba kaɗan. Shafi ɗaya siriri ya isa. Mai son ƙarin sheƙi ya bari na farko ya bushe kafin ya ƙara na biyu. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri kyau da ƙarko.

Bayan minti goma zuwa ashirin sai a bi da busasshen tsumma a kwashe abin da robar ba ta riƙe ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, alhali shi ne maganin fallatsi. Man da ya taru a cikin haruffa, da zarar taya ta fara gudu, juyawar za ta watsa shi a kan ƙofa da bayan madigadi, ya bar baƙaƙen ɗigo waɗanda suka fi bayyana a farar mota, kuma idan suka kwana cikin rana sukan yi wuyar fita daga bamba ta roba. In da hali, a bar motar ta ɗan tsaya kafin a hau titi. Tayar da ke da fararen haruffa ko farin zobe, ana kewaye farin, domin soson da ya taɓa baƙar roba zai ɓata shi.

Inda ba a kai shi

Man ƙyalli santsi gare shi, don haka gefen taya kaɗai ne wurinsa. Ba a sa shi a kan zanen da ke taka ƙasa, ba a bari feshinsa ya sauka a faifan birki, kuma ba a shafa shi a sitiyari ko fedar birki da totur don su yi baƙi. Tayar babur kuwa ba a shafa mata ko kaɗan: idan babur ya kwanta a kwana, kafaɗar tayar ce ke riƙe da titi, kuma ɗan man da ya gangaro can ya isa ya kayar da mahayi. Haka keke.

Wasu kan maye gurbinsa da abin da ke hannu. Baƙin mai da man dizal suna kumbura roba su sassauta ta. Man birki yana ba da sheƙi nan take, amma yana cin fenti idan ya fallatsa. Gilisarin da aka sirka da ruwa bai da wannan illa, sai dai yana jan danshi da ƙura, kuma ruwan farko da ya taɓa shi zai wanke shi.

Babu wani mai da ke ɗinke tsagar da ta riga ta fito. Iyakarsa ya ɓoye ta ga ido, kuma wannan haɗari ne ga mai sayen mota ko taya ta hannu. Shekarun taya suna rubuce a gefenta. A ƙarshen jerin lambobin da suka fara da DOT akwai lamba huɗu, tsarin da ake bi tun shekarar 2000: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin taya irin su Michelin suna shawartar a riƙa kai taya ga masani ya duba ta duk shekara idan ta kai shekara biyar ana amfani da ita, a kuma sauya ta idan ta cika shekara goma daga ranar ƙera ta ko da zanenta bai cinye ba, yayin da wasu kamfanonin mota ke sa iyakar a shekara shida. Lokacin da aka dirje taya ta bushe, kafin a ɗora mata mai, shi ne lokacin da tsaga da kumburi da yanka suka fi fitowa fili, don haka a nan ake duba ta.