Labaran kakanni za su iya zama shaidar zamanin da aka manta?

Ai tatsuniya ƙanzon kurege ce. Ta yaya za ta zama shaida?

Yawancinsu ba za su zama ba. Wanda masana ke kulawa da shi shi ne labarin da ya kama sunan wuri, ya kuma faɗi canjin da za a iya aunawa a ƙasa. Kabilar Ngarrindjeri ta kudancin Ostireliya na cewa Ngurunderi, wani gwarzo na farkon zamani a labaransu, ya bi matansa biyu da suka gudu a ƙafa zuwa Tsibirin Kangaroo, sai ya sa ruwa ya taso ya cinye su. Yau teku ce a tsakani.

Yaya ake gwada irin wannan?

Da farko a auna zurfin mashigin, wanda ya kai mita 30 da ɗoriya. Sannan a duba tarihin hawan teku: shekara 20,000 da suka wuce tana ƙasa da yadda take yanzu da kusan mita 120, ƙanƙara na narkewa tana hawa, har ta daidaita wajen shekara 7,000 baya. Lissafin ya nuna rabon da a taka ƙafa zuwa tsibirin kusan shekara 10,000 ne. Masu bincike Patrick Nunn da Nicholas Reid sun tattara irin waɗannan labarai daga wurare 21 a gaɓar Ostireliya.

Akwai wanda ba na ruwa ba?

Akwai. Mutanen Klamath a jihar Oregon ta Amurka na ba da labarin faɗan wasu iskoki biyu, Llao da Skell, inda dutse ya rufta. Dutsen Mazama da ke yankinsu kuwa ya yi aman wuta ya rufta kimanin shekara 7,700 baya. A 1938 aka tono takalman ɓawon itace ƙarƙashin tokarsa a kogon Fort Rock, wato da mutane a yankin lokacin.

Ina ake yin tuntuɓe?

Wurin rubutawa, galibi. Da yawa sai a ƙarni na 19 Turawa suka rubuta su, bayan labarin ɗufanar Annabi Nuhu ya riga ya shiga kunnuwa. Kuma mutum na iya ganin tsibiri kusa da gaɓa ya ƙago dalili, ba tunawa ya yi ba. Mafi muni shi ne mai bincike ya tsinci labarin da ya dace ya watsar da goman da suka saɓa. Atlantis kuwa, tsibirin da ake cewa teku ta haɗiye, ba ta shiga sahu ba: daga rubutun Plato, masanin falsafa na tsohuwar Girka, kaɗai ta fito, ƙasa ba ta goyi bayanta ba.