Waiwaye Kan Yadda Aka Gano Aikin Fosfet a Rumbun Sikarin Jiki

Tun a shekarar 1857 masanin nan ɗan Faransa, Claude Bernard, ya nuna cewa hanta tana adana sikari a cikin wani sinadari da ake kira gilaikojin, wanda tamkar rumbu ne da jiki ke ɗiba idan abinci ya yanke. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda ake buɗe wannan ajiya cikin ƙiftawar ido lokacin da tsoka ta shiga aiki mai tsanani.

Carl Cori da matarsa Gerty, da ke aiki a birnin St. Louis na Amurka, su ne suka gano fosforilas, wani enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) da ke guntsule sikarin gulukos daga jikin gilaikojin. Sun kuma lura cewa yana da siga biyu: sigar a mai aiki da kanta, da sigar b wadda ba ta motsi sai da taimakon sinadarin AMP. Sun sami kyautar Nobel a 1947, amma bayanin da suka bayar game da bambancin sigogin biyu bai dace ba, domin sun zaci AMP ne ke manne a jikin sigar a.

Amsar ta fito ne a 1955 daga birnin Seattle, ta hanyar da ba a yi tsammani ba. Edmond Fischer da Edwin Krebs sun ga cewa idan suka tace ruwan tsokar zomo da takardar tacewa, sigar a suke samu, idan kuwa suka raba shi da injin juyi, sai su tashi da sigar b. Da suka bi diddigi, ashe kalsiyom ɗin da ke jikin takardar ne ke tayar da wani enzayim, fosforilas kinas, shi kuma ya ciro ɗan guntun sinadarin da ake kira fosfet daga ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a ƙwayar halitta, ya liƙa wa fosforilas a gurbi ɗaya tak, wato serin na 14 a jerin tubalan da suka gina shi, sai sigar b ta koma sigar a. Wani enzayim mai suna fosfatas ne ke cire fosfet ɗin, aikin ya tsaya.

Daga nan sauran bayanai suka biyo baya. Earl Sutherland ya gano cAMP, ɗan saƙon da adrenalin da gulukagon, sinadarai masu kai saƙo ta cikin jini, ke tayarwa a cikin ƙwayar halitta, sannan a 1968 ɗakin binciken Krebs ya gano kinas ɗin da cAMP ke kunnawa, wanda shi ne ke kunna fosforilas kinas. Abin da ya fi burgewa a tsarin, a ganina, shi ne cewa fosfet ɗin da ke zaburar da rushe gilaikojin shi ne kuma ke dakushe enzayim ɗin da ke gina shi, ta yadda jiki ba ya gini da rushewa a lokaci guda.

Sai a 1992 aka bai wa Fischer da Krebs kyautar Nobel, bayan ta bayyana cewa kinas masu yawa suna amfani da wannan dabara. A yau an san akwai ɗaruruwansu a jikin ɗan Adam, har ma wasu magungunan cutar kansa da aka samar daga baya, irin su imatinib, kinas suke toshewa.