Zaurukan iyaye a WhatsApp da siyasar unguwa a Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da zauren iyaye na unguwarmu a Mabera. Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda iyaye mata da maza suka fi jefo mini, a waya ko a gidan suna.

Me ake yi a irin waɗannan zauruka?

Da farko dai hirar reno ce. Jariri ya ƙi kama nono, yaro ya fara haƙori yana zawo, wace Islamiyya ce ke da malamar ƙananan yara, ina ake samun yadin makaranta da rahusa. Mafi yawa saƙon murya ake turowa, domin uwa mai goyo a baya da muciya a hannu ba ta da sukunin rubutu. Wasu zaurukan na iyayen aji ɗaya ne, wasu na unguwa guda, wasu kuma a Facebook suke, sun haɗa 'yan Runjin Sambo da Arkilla da Gidan Igwai wuri ɗaya.

To ina ruwan zancen reno da siyasa?

Ai da kansa yake shigowa. Wata daminar, wata baiwar Allah ta turo hoton 'yarta mai shekara shida tsaye a bakin kwata, takalmi a hannu, ruwa ya shafe hanyar makaranta. Kafin azahar iyaye sun fi talatin suna ba da labarin nasu. Wanda ya tambayi dalilin da ya sa kwata ta toshe, ko ya sa yara ke zaune a ƙasa a aji, ko ya sa ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa cikin zafin Afrilu, ya riga ya shiga maganar wanda aka zaɓa da abin da aka ba shi amana, ko bai ambaci sunan jam'iyya ba.

Idan mun ga matsala, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?

Nan ne muka fi yin asarar ƙarfinmu. Komai ya faru sai a ce "gwamna ya duba", alhali abubuwa da yawa da ke damun yaro a kusa da mu suke. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara, kula da magudanan ruwa da titunan cikin unguwa da kasuwanni, ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, kuma birnin kansa ba a hannun ɗaya yake ba: akwai Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ga unguwannin da suka faɗa Wamakko ko Dange Shuni ko Kware. Na sha ganin uba yana ta faɗa da shugaban da ba nasa ba. Ka fara sanin ƙaramar hukumarka da mazaɓarka da kansilanka tukuna.

Idan batun makarantar gwamnati ne, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ke kula da shi a jiha, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da sakataren ilimi. Ƙasa da su akwai kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, inda ake zama da shugaban makaranta da wakilan iyaye da mata da malaman addini da mai unguwa ko wakilin hakimi. Wannan kwamiti shi ne kujerarmu, kuma ya kamata kowane zaure ya san wanda ke zaune a kanta da sunan iyaye. Asibitin sha-ka-tafi ma yana da kwamitin ci gaban mazaɓa.

Wani abu kuma: a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Saboda haka uwa tana da hurumin tambayar nawa ya shigo da abin da aka yi da shi.

Surutu a waya yana gyara wani abu kuwa?

Idan ya tsaya a waya, a'a. Kwatar da na ambata ba saƙonni ne suka yashe ta ba. Mun rubuta takarda ɗaya mai shafi guda, muka sa hotuna da kwanan wata, iyaye suka sa hannu, dattawa uku suka fara kai ta wurin mai unguwa, shi ya raka su wurin kansila. Muka ajiye kwafi, muka koma bayan mako biyu, muka sake komawa. Amfanin zaure shi ne ya tara mutane da hujja cikin yini ɗaya. Sauran aikin na ƙafa ne.

Ɗan takara ya nemi a sa shi a zaure, har ya ce zai saya wa yara littattafai. Mu karɓa?

Ra'ayina, kada a sa shi. Ba don neman ƙuri'a laifi ne ba. Amma ranar da aka fara turo fasta, a ranar ce uwar da mijinta ke ɗaya ɓangaren za ta yi shiru, mako na gaba ta fita, kuma 'yarta ma tana bin wannan hanya mai ruwa. Idan yana son magana da iyaye, a kira taro a fili, a gayyaci abokan takararsa, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya. Littattafai kuma ya kai makaranta ta hannun kwamiti, a rubuta.

Jita-jita fa, musamman kan allurar rigakafi?

Wannan ta fi ba ni tsoro. Mun ga abin da jita-jitar 2003 ta jawo a Arewa, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa, sai a 2020 aka tabbatar an raba Najeriya da asalin ƙwayar. A zaurenmu duk saƙon magani ko allura da ba a san tushensa ba, ana riƙe shi har sai ma'aikaciyar lafiyar da ke cikinmu ta saurara. Sanƙarau da ƙyanda ba sa jiran a gama gardama.

Za a iya kama mutum kan abin da ya rubuta?

Za a iya. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ga kuma dokar ɓata suna. Ka faɗi abin da idonka ya gani: aji ba rufi, famfo ba ruwa tun watan jiya. Kada ka ce wane ɓarawo ne ba hujja. Kuma kada a sa fuskar yaron wani ba da izinin iyayensa ba.

Matan da ba su da babbar waya, an bar su ke nan?

Bai kamata ba, kuma Sakkwato ta daɗe da sanin maganin wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, wato malamai mata, waɗanda ke ɗaukar karatu su kai wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa don karatu, har ƙauyuka. Mu ma kowane layi mun sa mace ɗaya da ke shiga gidaje bayan la'asar, ta kunna musu saƙon, ta naɗo amsarsu ta turo. Ta wannan hanya muka ji cewa yara biyar a layi ɗaya sun daina zuwa makaranta saboda rashin kayan makaranta, kuma a ranar Asabar mai zuwa za mu kai sunayensu gaban kwamiti.