Waiwaye: Yadda gwajin DNA ya shigo kasuwar murjani

Muhawarar da ake yi kan ko ya kamata a riƙa yi wa murjanin ado gwajin DNA kafin ya tsallake iyaka, wasu na ɗaukarta sabon abu. Ba sabuwa ba ce.

Farkon labarin sananne ne. An daɗe ana ciro jan murjani na Bahar Rum, wato Corallium rubrum, garin Torre del Greco na Italiya kuma ya zama cibiyar sassaƙa shi. A ƙarni na 19 Japan ta shigo harkar. Murjani dabbar teku ce mai rassa da ba ta saurin girma, kaurin reshenta ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. A 2007 da 2010 an nemi sanya murjani a rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, amma duka biyu ba su samu karɓuwa ba.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 2008. A shekarar ce Sin ta sanya jinsi huɗu na tekun Pasifik a rukuni na uku na yarjejeniyar: japonicum, elatius, konojoi da secundum. Daga nan duk wanda zai fitar da su waje sai ya nuna takarda, alhali jan murjanin Bahar Rum ba ya buƙatar wannan takardar. Sai doka ta koma tambayar sunan jinsi, su kuwa 'yan kasuwa da launi suka saba: aka ga ja mai duhu, momo ga ja mai haske, shiro ga fari. Jami'in kwastan yana riƙe da ƙwayar da aka goge aka huda, babu reshe, babu fatar dabbar, wato abubuwan da masana ke duba jinsi da su sun tafi. Ana cewa na Japan yana da farin tabo a ciki, amma mai sassaƙa na iya yanke wurin. Na'urar Raman, mai binciken abu da hasken leza, takan kama rini, ba ta iya tabbatar da jinsi. Bugu da ƙari, daga baya masana sun sake rarraba dangin, uku daga cikin huɗun suka koma ƙarƙashin wani reshen dangin mai suna Pleurocorallium. A nan matsalar ta yi saiwa.

Sai a 2020 ɗakin gwajin duwatsun ado na SSEF da Jami'ar Zurich a Suwizalan suka wallafa hanyar da ba ta ɓata kaya. Ana kankare gari kaɗan daga cikin hudar zare, miligiram biyu da 'yan kai ya isa, a narkar da shi, a ciro DNA da ya maƙale a ƙashin murjanin, a ninka wani guntu na DNA ɗin, sannan a gwada da samfuran da aka riga aka tantance.

Hanyar tana raba rubrum da japonicum, amma elatius da konojoi sun yi kusa har ba ta raba su. Ba ta faɗin inda aka ciro murjanin ko yaushe. Tsohon kaya ko wanda ya sha sinadari wani lokaci ba ya ba da sakamako. Sarƙa guda kuma tana iya haɗa ƙwayoyi daga rassa daban-daban, don haka sakamakon ƙwaya ɗaya nata ne ita kaɗai.